Sayen sitireca ba tare da asarar kuɗi ko gashi ba: tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina gyaran kai, kuma tambayoyin da ake yi min a kan sitireca ba sa canzawa, ko daga bakin amarya suka fito, ko 'yar makaranta, ko uwargidan da ta gaji da kai kuɗi shago duk sati biyu. Ga su na tara wuri guda. Na fara da masu sauƙi, masu zurfin suna ƙasa.

Mece ce sitireca, kuma yaya take miƙar da gashi?

Dutsen guga ne na gashi: farantai biyu masu zafi da ake matse gashi a tsakaninsu a ja shi daga tushe zuwa baki. Silin gashi an gina shi ne da wani sinadari mai suna keratin, irin na farce, kuma akwai ɗauri iri biyu da ke riƙe da siffarsa. Ɗaya sako-sako ne, ruwa ko zafi na kwance shi. Ɗayan mai ƙarfi ne, sai an sa masa magani yake tsinkewa. Sitireca da sako-sakon take aiki. Tana korar danshin da ke cikin silin, ta kwance ɗaurin, gashin ya huce a miƙe ya tsaya a haka har ranar da ya sake haɗuwa da ruwa.

Rilaksa ita ce mai tsinka ɗauri mai ƙarfin, shi ya sa gashin da ta taɓa ba ya komawa yadda yake sai dai sabo ya tsiro. Riƙe wannan bambancin, don zai sake fitowa a tambayar damina da ta sankara.

Mai tsada ita ce mai kyau?

Ba kullum ba. Kasuwar sitireca hawa uku ce. A ƙasa akwai masu arha ƙwarai, maɓalli ɗaya na kunnawa da kashewa, jiki sakayau kamar kayan wasan yara. A sama akwai manyan sunaye irin su ghd ta Ingila, BaByliss da ta samo asali daga Faransa, CHI ta Amurka, da Dyson. A tsakiya kuma akwai tarin kaya daga Philips da Remington zuwa su Sokany, Kemei da VGR da suka cika shagunan Sabon Gari a Kano da kasuwar Wuse a Abuja.

Ga matar da za ta yi amfani da ita a gida sau ɗaya ko biyu a wata, riba tana hawan tsakiya. Kuɗin da ake ƙarawa daga ƙasa zuwa tsakiya yana sayo abin da gashi ke ji a jikinsa: zafi mai daidaito, faranti mai santsi, waya mai ƙwari. Wanda ake ƙarawa daga tsakiya zuwa sama rabinsa na juriyar aiki ne, wanda mai shago ke buƙata, rabinsa kuma na suna da kwali. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma na ga masu tsadar da suka mutu a wata na uku saboda wutar gidan da aka kai su. Ba zan faɗi farashi ba, don kafin ki gama karanta shafin nan dala ta motsa. Ki ɗauki kuɗin sitirecar ki raba shi da abin da kike biya a shago kowane zuwa. In zuwa goma ko ƙasa da haka ya biya ta, kuma ta cika sharuɗɗan da ke ƙasa, ba ki yi asara ba.

In abu ɗaya kawai zan duba, mene ne shi?

Wurin rage zafi da ƙara shi, wanda ke nuna lambobi. Sitireca mai maɓalli ɗaya ita ke zaɓa miki zafi, kuma yawanci can sama take tsayawa, ba ruwanta da ko gashinki ya sha rilaksa jiya. Wadda aka rubuta mata ƙarami, matsakaici da babba ta ɗan fi, sai dai ba ki san nawa ne matsakaicin nata ba. Nemi wadda ke farawa daga wajen digiri 150 a ma'aunin Selshiyos ta hau mataki-mataki zuwa 210 ko 230, ko da allo ko da ɗan abin murzawa mai lambobi.

Akwai togiya guda. Yawancin kayan ghd zafi ɗaya gare su, digiri 185, kuma da gangan kamfanin ya tsayar da shi a nan, da na'urar da ke riƙe shi kada ya haura. Wannan daban yake da mai arhar da ba ta da abin riƙe zafi ko kaɗan. Ko ita ɗin ma, ga gashin da ya riga ya raunana, 185 na iya yin yawa.

Digiri nawa ya dace da gashina?

Fara da duba ma'aunin da na'urar ke amfani da shi, don nan ake yawan rikicewa. Kayan Turai da Asiya kan yi amfani da Selshiyos, na Amurka kuma Farenhait. Lamba 450 da kike gani a kwali ba ta fi 230 zafi ba, abu ɗaya ne: 450 a Farenhait 232 ne a Selshiyos, 410 kuwa 210 ne, 365 shi ne 185, 300 kuma wajen 150.

Gashin da ya sha rilaksa, ko rini, ko mai sirantaka tun asali, ya zauna tsakanin 150 da 170 a Selshiyos. Mai matsakaicin kauri da lafiyarsa ƙalau, 170 zuwa 190. Gashinmu na asali mai cika da murɗiya wanda magani bai taɓa shi ba zai iya neman 190 zuwa 210. Sama da haka ba na kai kowa, domin a kusa da 230 keratin kansa yake fara lalacewa, kuma lalacewar ba ta warkewa.

Wani kuskuren fahimta da ya cinye gashin mata da yawa shi ne wai gashin baƙar fata ƙarfi gare shi, sai an ba shi wuta sosai. Tauri daban, ƙarfi daban. Silinmu ba zagayayye ba ne, a ɗan baje yake, kuma kowace murɗa da ke jikinsa wurin karyewa ce. Fara daga ƙasa, ki gwada a ɗan gashin ƙeya. In ya miƙe da ja ɗaya, kin samu lambarki, ki rubuta ta a jikin kwalin. Gashin goshi da na gefen kunne a rage musu digiri 20 daga na tsakiyar kai.

Seramik, taitaniyam ko tomalin: wanne zan ɗauka?

Seramik dangin tangaram ne. Zafinsa yana bazuwa ko'ina a farantin daidai, ba ya taruwa wuri guda, saboda haka yana yafe wa hannun da bai ƙware ba. Taitaniyam ƙarfe ne mara nauyi, mai santsi da juriya, kuma sitirecar da aka yi da shi tana sakar wa gashi zafi da sauri. Masu shago na son sa don kai goma a rana ba wasa ba ne, amma in hannu ya tsaya daƙiƙa biyu a wuri ɗaya sai ki ji ƙauri. Tomalin dutse ne da ake niƙawa a gauraya cikin abin da ake shafe farantin da shi, ana cewa yana kwantar da gashin da ke tashi. Yana ɗan ƙara santsi, amma ban taɓa ganin abin da ya isa a ninka kuɗi dominsa ba.

Abin da mai shago ba zai faɗa miki ba shi ne, mafi yawan waɗanda aka rubuta musu seramik a hawan ƙasa da na tsakiya alminiyam ne aka yi wa shafen seramik. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yin su. Ingancin yana ga kaurin shafen. Na banza wata shida ya fara ɓarewa a gefe, ƙarfen ciki ya leƙo, ya riƙa cizon gashi. Ga mai koyo a gida, seramik mai kyau ya wadatar.

Faɗin farantin yana da muhimmanci?

Yana da shi. Inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi, shi ne na kowa da kowa: yana isa tushen gashi, yana shiga ƙeya, in gefensa zagayayye ne har lanƙwasa baki ake yi da shi. Mai inci ɗaya da rabi zuwa biyu na dogon gashin da ya riga ya kwanta ne, ko gashin kanti. A kan gashi mai cika yana ruɗin mutum ya ɗebo da yawa, sai na waje ya ƙone na tsakiya bai ji komai ba. Siririyar nan kamar fensir ta gashin goshi ce da gajeren aski, ba za ta gama miki kai ba.

Yaya zan gwada ta a shago kafin in biya?

Kada ki karɓi kwali a rufe. Ce masa, "Alhaji, a jona min in gani." In ya ce babu wuta, akwai janareta a layin, kuma wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙin gwaji. Tun kafin a jona, rufe bakinta ki ɗaga ta saitin haske. In kina hango haske tsakanin farantan, musamman can wajen baki, gashi zai riƙa zamewa a nan ba tare da ya miƙe ba, ke kuma ki yi ta maimaitawa. Danna farantin da yatsa: mai kyau yana ɗan lotsawa ya dawo, don a kan abu mai motsi aka ɗora shi yadda zai bi kaurin gashin. Shafa gefensa da farce ki ji ko akwai kaifi, ko ramin da sili zai maƙale.

In an jona, duba abu uku. Cikin minti ɗaya ya kamata ta kai zafin da kika sa mata. Bayanta, inda yatsu ke riƙewa, kada ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Sannan ki sa ta a 180, ki matse farar takardar goge hannu na 'yan daƙiƙu. In ta fito da tabon ƙuna, lambar da ke allon ƙarya take yi. In gefe ɗaya ya yi ja ɗayan yana fari, zafinta ba daidai yake ba. Wayar kuma ta kasance mai juyawa a gindi, tsawonta ya kai mita biyu ko fiye. Gajeriyar waya ita ke sa mutum gyaran kai a durƙushe gaban soket, madubi na can wani ɓangaren ɗaki.

Daga ƙarshe a yi maganar canji a fili: "In ta mutu cikin sati biyu, ka canza min?" In ya ce eh, ya rubuta a rasit ya sa hannu. Wannan layi ɗaya ya fi amfani a gare ki a kan katin garantin shekara biyu na wani kamfani da ba shi da ofis a ƙasarki.

An kawo min tsarabarta daga waje. Zan iya jonawa kawai?

Tsaya ki karanta ƙananan rubutun da ke jikin hannunta ko kan filogin. Wutar gida a Najeriya da Gana bolt 230 ce, a Nijar 220, a Amurka da Kanada kuwa 120. In kin ga 100–240V, ko'ina a duniya za ta yi. In 220–240V ne, ta dace da mu. In kuwa 110V ko 120V kaɗai aka rubuta, kada ki jona ta. Ninka ƙarfin wuta kusan sau biyu yana sa abin zafin ya ja kusan ninki huɗu na abin da aka gina shi ya ɗauka. Wata ƙanwar mahaifiyata ta taɓa aiko min da wata daga Amurka, mai kyau, a jakarta ta fata. Na sa mata adafta na jona, ta yi wani ɗan ƙara, siririn hayaƙi ya fito ta gindin wayar, shi ke nan. Ko sili ɗaya ba ta taɓa ba.

Adafta siffar baki kawai take canzawa, ba ta rage wuta. Mai ragewa taransifoma ce, kuma sau da yawa kuɗinta ya isa sayen wata sitirecar. Tsarabar Makka da Dubai da Ingila yawanci ba ta da wannan matsala, amma duk da haka a duba. In filoginta mai ƙafa biyu ne, soket ɗinki kuma mai rami uku, nemi adafta mai kama shi gam. Tura murfin biro a ramin sama don a cusa ƙafa biyu a ƙasa shi ke kawo tartsatsin da ke narkar da soket.

Za ta yi aiki da ƙaramin janareta ko sola? Tana cin wuta?

Ba ta ci. Yawancinsu tsakanin wat 30 ne da 60, wasu su ɗan haura lokacin da suke ɗaukar zafi. Mai wat 50 sai ta yi awa 20 a kunne kafin ta cinye yunit ɗaya a mita. Ƙaramin janaretan nan na gida yana ɗaukarta, haka ma inbata. Handiraya ce mai cin wuta, wat 1800 zuwa sama da 2000, ita ce ke kashe ƙaramin janareta nan take. In wutarki ba ta ɗaukar handiraya, duba abin da na ce game da kitson zare a tambayar jiƙaƙƙen gashi.

Abin tsoro shi ne wutar da ke hawa da sauka. Sitireca mai allo tana da ƙananan kayan lantarki a ciki, kuma su ne ke fara mutuwa. Idan aka ɗauke wuta kina tsakiyar aiki, zare filogin kafin a dawo da ita. In an tada janareta, bar shi ya daidaita tukuna.

Yaya zan gane jabu?

Babban suna a ƙaramin farashi shi ne alamar farko. Wanda ya miƙo miki ghd ko BaByliss a kuɗin atamfa ɗaya ba sonki yake yi ba. Sauran alamun su ne rubutun da ke gogewa da yatsa, kuskuren haruffa a kwali, rashin lambar kaya a jikinta, da nauyin da bai kai ba. Wasu kamfanonin, ciki har da ghd, suna da shafin rajista inda ake shigar da lambar kaya. Tambarin CE kuwa, wato alamar cika ƙa'idojin Turai, kada ya ruɗe ki, duk mai injin buga kwali zai iya buga shi. A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan lantarki da ake shigowa da su, amma kasuwa ta fi idon hukuma faɗi.

Ra'ayina a nan a fili yake: gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na ƙarya. Mai ƙaramin suna yana da abin da yake karewa. Mai jabu kuwa kwalin kawai ya kashe wa kuɗi.

Ta gwanjo fa, ko ta intanet?

Gwanjo na iya zama riba, don akan tsinci kayan hawan sama a kuɗin hawan tsakiya. Sai dai ki yi duk gwajin da na lissafa a tambayar shago, ki ƙara biyu. Duba farantin a rana ko shafensa ya ci, sannan ki lanƙwasa wayar a gindi tana kunne ki ga ko fitilar na ƙiftawa. Kayan da suka fito daga Amurka suna da yawa a gwanjo, saboda haka maganar bolt ta zama dole.

A intanet ba ki da damar taɓawa, don haka ki san kwana nawa aka ba ki na mayarwa kafin ki biya, ki kuma gwada ta ranar da ta iso. Wajen karanta ra'ayin masu saye, tsallake masu cewa "ta iso lafiya, tana da kyau". Nemi na wadda ta yi wata uku tana amfani da ita. Mai sayarwa a Instagram ko WhatsApp da ta ƙi turo bidiyon na'urar a kunne da hoton rubutun bolt, a bar mata kayanta.

Me ake nufi da PTC da MCH da nake gani a kwali?

Nau'in abin da ke samar da zafin ne a ƙarƙashin faranti. PTC ya fi arha, yana ɗaukar zafi a hankali, kuma yana taƙaita kansa. MCH ya fi saurin ɗauka, ya fi saurin mayar da zafin da gashi ya zuƙe. Wannan na biyun shi ne amfaninsa na gaskiya: duk lokacin da faranti ya kama gashi zafinsa na sauka, in bai dawo da wuri ba sai bakin gashin ya samu ƙasa da abin da tushe ya samu. Ga mai cikar gashi, MCH ya cancanci ɗan ƙarin kuɗi. Ga mai sirara, PTC ya isa.

Mara waya, mai tururi, da mataji mai wuta: sun fi?

Mara waya tana jan hankali a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, amma batir bai cika riƙe zafi ba. Ko Dyson Corrale da ta fito a 2020, da duk tsadarta, minti 30 kamfanin ya yi alkawari a caji ɗaya. Kai mai cika yana cin awa ɗaya zuwa biyu. Ƙananan da ake caji da wayar salula na gyara gashin goshi ne a gidan biki.

Mai tururi tana barin gashi da laushi, sai dai tataccen ruwa take so, ruwan rijiyar burtsatse yana toshe ramukanta da gishiri. Mataji mai wuta kuwa abokin sitireca ne ba kishiyarta ba: yana kai wa tushe, yana buɗe murɗiya, amma ba ya ba da sheƙin nan da kwanciya. In burinki kawai gashi ya saki don kitso ya yi sauƙi, shi kaɗai ya ishe ki, kuma ya fi arha.

An rubuta cewa ana iya amfani da ita a jiƙaƙƙen gashi. Gaskiya ne?

Kada ki yi, ko me aka rubuta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, farantin kuma ya kusa ninka haka. Ruwan da ke cikin silin sai ya zama tururi ya rasa hanyar fita, ya kumbura silin daga ciki ya bar masa ƙananan ƙuraje, a nan zai riƙa karyewa. Ƙarar "cuu" da ake ji ba alamar aiki ba ce. An taɓa kawo min wata amarya ana jibi kamu, ƙawayenta sun wanke mata kai da daddare suka bi shi da sitireca yana ɗiga don sauri. Da na sa mataji, guntayen gashi suka zubo kan farin zanen da na yafa mata kamar an barbaɗa ganyen shayi. Ba abin da na iya yi sai datse baki da kitso.

Gashi ya bushe ƙarau kafin zafi ya taɓa shi. In babu handiraya, a yi kitson zare ko manyan kalaba bayan wanki a kwana da su. Da safe gashin ya bushe, ya kuma miƙe rabi, sai sitireca ta ƙarasa da ƙaramin zafi.

Man kaɗe ko man kwakwa zai iya zama min maganin kariya daga zafi?

Kafin zafi, a'a. Ɗanyen man kwakwa yana fara hayaƙi a wajen digiri 175, ƙasa da inda mata da yawa ke sa sitirecarsu. Gashin da aka cika da mai aka matse a faranti suya ake yi masa. Abin da ake sayarwa na kariya, na fesawa ko na ɗigawa, yawanci silikon ne a ciki, wanda ke lulluɓe silin ya rage saurin shigar zafi ya kuma sa faranti ya zame. Ragewa yake yi, ba hanawa ba, don haka ba lasisin kai wa 230 ba ne. Duba lambar NAFDAC a jikinsa, ki kuma lissafa kuɗinsa cikin kuɗin sitirecar tun farko. Man kaɗe da man zaitun suna da ranarsu: bayan an gama, ɗan kaɗan a tafin hannu a shafa a baki.

Sau nawa zan bi wuri ɗaya, kuma sau nawa a wata?

Ja ɗaya a hankali ya fi ja biyar da gaggawa. Ɗebo gashin da bai fi faɗin farantin ba, siriri yadda za ki iya hango yatsanki ta cikinsa. Sa mataji mai ƙananan haƙora wanda ke jure zafi a gaba, sitireca na bin sa a baya. In sai kin bi sau uku kafin ya kwanta, ɗaya cikin uku ne: kin ɗebo da yawa, ko bai bushe ba, ko farantan ba sa haɗuwa, wanda gwajin haske a shago zai nuna tun farko.

Ga gashin asali, sau ɗaya a wata ya isa, in an fi haka tazara ma ya fi. Wadda ta sa rilaksa ta jira sati biyu. Kada kuma a bi gashin da ya kwana huɗu da mai da ƙura a sake ƙona shi don ya ɗan tashi. Gashi yana tsiro wajen santimita ɗaya ne a wata, saboda haka abin da ya ƙone a minti ɗaya shekara ake yi ana jiran madadinsa.

Na miƙar da shi jiya, yau ya koma. Laifin sitirecar ne?

Yawanci ba nata ba ne. Kamar yadda na faɗa a amsar farko, ruwa ne ke mayar da ɗaurin, kuma ba sai na wanka ba. Iskar damina, gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, tururin tukunya, shafar kai a alwala sau biyar a rana, duk suna taɓa shi, kuma goshi ne ke fara tashi. Babu na'urar da ke hana wannan komai tsadarta, don haka kada ki ƙara zafi kina zaton shi ne magani. Hunturu ne lokacin sitireca, aiki ɗaya sai ya yi sati biyu, amma a lokacin ne gashi ya fi bushewa, sai an riƙa taimaka masa da ɗan mai. Da dare a nannaɗe shi a zagaye kai a ɗaura siliki, a sa shi kuma a ƙarƙashin ɗankwalin atamfa da rana. Mai dabara kan tsara gyaran kanta ya biyo bayan wankan tsarki, ba ya riga shi da kwana ɗaya ba.

Na ji an ce miƙar da gashi na kawo sankara. Har da sitireca?

Binciken da ya jawo maganar ya fito ne a Oktoban 2022 daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. An bi mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11, aka ga masu yawan amfani da magungunan miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, sun ninka waɗanda ba sa amfani da su kamuwa da sankarar mahaifa. A kan magunguna yake magana, ba a kan zafin faranti ba. Inda sitireca ke shigowa shi ne gyaran nan da ake kira na keratin, wanda ake shafa magani a bi shi da zafi mai yawa. Wasu irinsa suna fitar da iskar fomaldihaid idan sun ji zafi, kuma sananniyar mai haddasa sankara ce. In ido na yaji ana cikin yi, a tsaya a buɗe tagogi.

Zan iya sa ta a gashin kanti?

In na mutum ne, eh, a 150 zuwa 180, tare da tuna cewa shi ba ya tsiro. In na roba ne narkewa zai yi ya manne a faranti, sai dai wanda aka rubuta yana jure zafi, shi ma kada a wuce lambar da ke jikin ledarsa. Gwada a ɗan sili daga ciki tukuna.

Akwai yara a gidan. Me zan kiyaye?

Nemi mai kashe kanta bayan minti 30 ko awa ɗaya, wadda ta zo da jaka ko tabarmar roba mai jure zafi. Farantin yana ci gaba da ƙona fata mintuna da yawa bayan an kashe, kuma yaro mai rarrafe wayar da ke lilo yake ja. Kada a ajiye ta a kan katifa ko darduma. Wani babban haɗari a gidajenmu shi ne a ɗauke wuta, a tashi a bar ta a jone, a dawo da wutar ba kowa a ɗakin. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba. In a fuska ne ko tafin hannun yaro, ko ta yi faɗi, a tafi asibiti.

Yaya zan kula da ita, kuma yaushe zan haƙura da ita?

Bayan kowane amfani, zare ta, bar ta ta huce har ta zama ɗumi-ɗumi, ki goge farantin da tsumma mai ɗan danshi. Baƙin dattin da ya daskare a gefe auduga da ɗan sifirit ke cire shi. Wuƙa, reza da soson ƙarfe su ne ke kashe shafen seramik. Kada ki nannaɗe wayar a jikinta, nan ne take tsinkewa daga ciki. Naɗe ta daban, sako-sako.

Waya ko filogi in sun lalace, mai gyaran rediyo zai canza su da kuɗi kaɗan, kuma ya cancanta in sitirecar mai kyau ce. Amma in shafen faranti ya ɓare, ko ta fara fizgar gashi, ko zafinta ya daina bin lambar da kika sa, ko kina jin ƙaurin roba daga cikinta, gyara ba zai yi ba. Yanke wayar kafin ki jefar, don kada wani ya tsinta ya kai ta gwanjo.